Wutar Kainji da mutanen bakin ruwa: wa ke bin wa bashi?

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su sauraro, da waɗanda wayarsu ta mutu don ba wuta. To dama maganar wutar za mu yi yau. Shirin ya ɗan yi tsawo, a daure a karanta shi duka kafin a fara musu da ni.

Bayan ƙaramar sallah na je gaida kakata a wani ƙauye da ke bakin tafkin Kainji, ta wajen ƙasar Yawuri. Kwanana biyu wayata ta ɗauke. Na kai ta shagon wani yaro mai caji da ɗan ƙaramin janareta, na biya kuɗi, na dawo ina ta mita. Abin da ya ƙara ba ni haushi, a hanyar zuwa sai da muka wuce manyan turakun nan na ƙarfe masu ɗauke da wayoyin wuta. Da na faɗa wa tsohuwa sai ta yi dariya ta ce, "Haba maigida, yau ka fara gani? Ai mu ruwan aka bar mana, wutar ta mutanen birni ce." Sannan ta nuna min tsakiyar tafkin da haɓa, ta ce can aka haife ta. Tana 'yar yarinya aka taso su da tukwanensu da awakinsu. Gidansu da gonar albasarsu da kabarin kakanta duk suna ƙarƙashin ruwan nan.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan magana. In an tare kogi an samar da wuta, me mutanen wurin suke bin masu madatsar? A ina aka rubuta shi? Kuma wa zai bi musu kadi in ba a cika ba?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don da yawanmu mun ɗauka ana tatsar wutar ne daga cikin ruwan. Na taɓa jin wani dattijo yana cewa ruwan da ya fito daga dam ya zama fanko, an cire masa ƙarfi, shi ya sa ba ya yi wa shuka amfani. Wuta dai ba a cire ta daga ruwa. Nauyin ruwan ake amfani da shi, da tsayin inda zai faɗo. Ana gina katanga a tare kogi, ruwa ya taru ya yi sama, sai a buɗe masa hanya ta cikin manyan bututu ya gangaro da ƙarfi ya bugi wata ƙatuwar farfela. Farfelar ta juya janareta, janareta ya ba da wuta, ruwan kuma ya fita ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ke nan. Amma ku riƙe maganar dattijon nan, za mu dawo kanta, don akwai inda ya yi gaskiya.

Ga lissafi mai sauƙi. Ka ɗauki jarkar 'yan garuwa mai lita 25. Guda 40 su ne lita 1,000, nauyinsu tan ɗaya. In tan ɗaya na ruwa yana faɗowa daga tsayin mita ɗaya a kowace daƙiƙa, ƙarfin da zai bayar ya kusa kilowat 10. In daga tsayin mita 30 ne, ya kusa kilowat 300, a cire ɗan abin da ke salwanta a inji. Janaretan yaron nan mai caji bai cika kilowat ɗaya ba. Wato tan ɗaya tak a daƙiƙa ya tsaya a madadin irinsa kusan 300, alhali a Kainji ɗaruruwan tan ne ke ratsa injuna a kowace daƙiƙa, wani lokaci ma sama da dubu. Saboda haka abu biyu ake nema, yawan ruwa da tsayi. Kainji da Jebba suna taƙama da yawan ruwan Kogin Kwara, wanda a makaranta muke ce wa Kogin Neja. Shiroro kuwa tana kan Kogin Kaduna ne, ruwansa bai kai na Kwara ba, amma katangarta ta haura mita 100, sai tsayi ya cike gurbin yawa.

An fara gina Kainji a 1964, aka gama a 1968, daga baya injunanta suka kai takwas masu ƙarfin megawat 760, ko da yake gurbin guda 12 aka yi. Megawat ɗaya kilowat 1,000 ke nan. Jebba ta biyo baya a 1985 da megawat 578, Shiroro a 1990 da megawat 600, sai Zungeru da aka kammala a 2023 da bashin ƙasar Sin, megawat 700. In ka tara, sun haura megawat 2,600 a takarda, kuma dukkansu a jihar Neja suke, in ban da Jebba da ke kan iyakarta da jihar Kwara. Ka tuna fa duk ƙasar nan, mai mutum sama da miliyan 200, abin da ke zagayawa a babban layin wuta yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na wannan daga ruwa yake fitowa, sauran daga iskar gas.

Ni ba maƙiyin madatsar ruwa ba ne, a ji wannan tun yanzu. Wuta ce da ba ta buƙatar a sayo gas ko dizal, ba ta hayaƙi, bututun gas da aka fasa a kudu bai dame ta ba, kuma injinta yana tashi cikin mintuna. In babban layin ƙasa ya durƙushe, yadda ya saba yi mana, sau da yawa da waɗannan tashoshin ake fara tayar da shi. Madatsa in an kula da ita tana iya haura shekara ɗari. Ga Kainji nan ta kusa sittin tana aiki. Duk mai son masana'antun Kano da Kaduna su farfaɗo dole ya so wannan wuta.

To me ya sa ƙauyen kakata yake cikin duhu? Amsar da injiniya zai ba ka ita ce, tashar ba ta sayar wa maƙwabcinta wuta kai tsaye. Wutar da ta fito ana ɗaga ƙarfinta zuwa bolt 330,000 a zuba ta a babban layi na kamfanin dakon wuta na ƙasa, shi kuma ya miƙa wa kamfanonin rarrabawa. Kafin ta shiga ɗakinka sai an sauko da ita hawa-hawa, a ƙaramar tasha, sannan a taransifoma, sannan a ja turaku da waya har ƙofar gida. Kamfanin rarrabawa kuwa ɗan kasuwa ne, zai duba ƙauye mai gida ɗari biyu da kwan fitila bibbiyu ya ce kuɗinsa ba za su fito ba. Wannan bayani gaskiya ne. Amma ku lura, matsalar kuɗi ce, kuma ƙananan kuɗi ne in an kwatanta da na gina madatsa. Zungeru kaɗai ta ci kusan dala biliyan 1.3. Jan layi zuwa garuruwan da ke kewaye, ko kafa musu tashar sola tasu, da an sa shi cikin lissafin aikin tun farko da ba wanda zai ji nauyinsa.

Yanzu mu zo kan abin da mutanen suka bayar. Da aka rufe kogin a 1968, ruwa ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 1,250, tsawonsa ya kai kilomita 130, tun daga katangar har zuwa wajen Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohon garin Bussa, hedikwatar masarautar Borgu, inda Bature Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, ya nutse gaba ɗaya, aka gina sabon gari, shi ne New Bussa. Gungawa da Kambari da Bussawa da Lopawa da Shangawa, kowa ya taɓu. Gwamnati ta gina gidajen siminti ta ba su, kuma in za a faɗi gaskiya masu nazarin irin waɗannan ayyuka suna sa na Kainji cikin waɗanda suka fi dama-dama a Afirka. Sai dai gida ba shi ne rayuwa duka ba. Bagunge da ya gaji noman albasa a tsibiri, inda kogi ke kawo masa sabuwar ƙasa kowace shekara, an ɗora shi kan tudu an ce ya koma gero da dawa. Ɗakin laka in ya tsage kai da ƙannenka za ku gyara shi da rani, na siminti kuwa sai da kuɗi da magini. Iyali suna ƙaruwa, filin da aka yanka musu ba ya ƙaruwa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wani kwamitin duniya da ya yi bincike kan manyan madatsu ya fitar da rahoto a 2000, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 aka raba da muhallinsu a faɗin duniya saboda su. A nan gida ma, duk wanda ya san tarihin Bakolori, ko da yake ita ta noman rani ce, ya san yadda rikicin diyya ya ƙare da harbe manoma a watan Afrilun 1980.

Mu koma kan dattijon da ya ce ruwan dam fanko ne. Kogin Kwara a wannan yankin cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damunar nan kusa ke kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, yana zuwa da laka shi ya sa yake fari-fari. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa faffaɗar fadamar Mali, sai ya iso nan cikin hunturu ya riga ya tace. Da wannan kalandar manomi da masunci suka gina rayuwarsu. Ruwa ya hau fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, ruwa ya janye ya bar laka, a shuka shinkafa da albasa da rake. Da aka tare kogin, lakar nan sai ta riƙa kwanciya a ƙasan tafki. Ruwan da ke fita ta injin ya rage kawo wa fadamar ƙasa abincinta, ita kuma madatsar lakar tana cinye mata wurin ajiya a hankali. Ka ga ashe dattijo bai yi ƙarya ba, ya dai kira abin da wani suna ne.

A cikin tafkin, shekarun farko kifi ya yi yawa sosai, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina, har da Sarkawan Kabi. Daga baya kamun ya ragu, saboda yawan masu kamun da kuma raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa da aikinta ke nan. A ƙasan madatsa kuwa, masuntan ƙasar Nufe su ne suka fi ji a jikinsu, tunda cikar da kifi ya dogara da ita ta canja. Ga kuma kwantaccen ruwa da abin da yake haifarwa, sauro, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini, da kainuwa mai toshe hanyar jirgi. Har ma batun ɗumamar yanayi, wutar ruwa ta fi ta gas da gawayi tsabta nesa ba kusa ba, amma ciyayi da itatuwan da suka ruɓe a ƙarƙashin tafki suna fitar da wata iska mai ƙara ɗumama duniya, musamman a ƙasashe masu zafi irin tamu.

Akwai wani abu da ba a cika sa shi a lissafin muhalli ba, shi ne sufuri. Inda a da kake tsallaka kogi da ɗan kwalekwale cikin mintuna, yanzu faɗin ruwan a wani wurin ya haura kilomita 20, da igiyar ruwa kamar teku, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna laɓe a ƙasa. Kasuwa tana wancan ƙetaren, asibiti ma haka, dangi ma haka. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150 ya kife a hanyarsa ta zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ashirin da 'yan kai ne. Allah Ya jiƙansu. An ce lodi ne ya yi yawa kuma jirgin ya tsufa, ban musa ba. Amma a tambaya, me ya sa hanyar mutanen nan ɗaya tilo ta zama tsohon jirgin katako, shekara hamsin da ɗoriya bayan an shimfiɗa musu wannan ruwa?

Sai babbar magana, wato sakin ruwa. Nan nake so mu natsu, don nan ne muka fi yin kuskure a soshiyal midiya. Ga mai madatsa, ruwa kuɗi ne. Duk abin da ya tara da damuna shi zai juya ya sayar da rani, don haka yana so tafkinsa ya cika maƙil kafin ruwan sama ya ɗauke. In aka samu shekarar da ruwan sama ya yi yawa a ƙarshen damuna, tafki kuma ya riga ya cika, ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofofi, don in ruwa ya fi ƙarfin katanga bala'in da zai biyo baya ya fi gaban misali. Kainji in ta saki, Jebba da ke ƙasanta da kimanin kilomita 100 dole ita ma ta saki. Shiroro in ta saki sai ya faɗa Zungeru, daga nan ya bi Kogin Kaduna har ya haɗu da Kwara a Muregi, daura da Patigi. Duka su gangara Lokoja, inda Binuwai ke jiransu, shi ma wani lokaci ɗauke da ruwan da madatsar Lagdo ta Kamaru ta sako. Shi ya sa manoman shinkafa na Mokwa da Lavun da Edati da Patigi kusan duk shekara suke cikin fargaba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, a 2022 kuma waɗanda suka rasu sun haura 600.

Amma fa adalci ya sa a faɗi cewa madatsa tana kuma tare ambaliya. Shekaru da yawa ruwan da zai yi ɓarna tafki ne ke haɗiye shi, ba wanda ke yin labarin wannan. Kuma ba kowace ambaliya ce laifin dam ba. Wadda ta afka wa garin Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, ta kashe sama da mutum 150, mutane da yawa sun yi ta rubuta cewa dam aka buɗe, alhali bayanan hukuma sun nuna ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, ya taru ya ɓalle cikin gari. In muna ɗora musu abin da ba su yi ba, ranar da suka yi na gaskiya ba wanda zai saurare mu.

To a nan alkawarin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yadda za a saki ruwan. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da hasashen damuna tun farkon shekara, hukumar kula da koguna ma tana fitar da nata na ambaliya. Da wannan bayani ana iya rage ruwa kaɗan-kaɗan tun da wuri, ko da za a yi asarar wasu kuɗin wuta, maimakon a jira a sake shi lokaci guda. Sannan gargaɗi. Takardar da aka aika ofishin gwamnati da Turanci ba ta kai ga manomin da ke kwana a bukkar gona ba. Gargaɗi shi ne ya ji a rediyo da Nufanci da Hausa, mai unguwa ya sani, limami ya faɗa, saƙo ya shigo waya, kuma da kwanakin da za su ishe shi ya girbe abin da zai girbu ya kwashe iyalinsa.

Yauwa, yanzu me doka ta ce? Tun 2013 gwamnati ta ba da hayar tashoshin nan ga 'yan kasuwa. Mainstream ta karɓi Kainji da Jebba, North South Power ta karɓi Shiroro, daga baya Zungeru ma aka ba da ita haya. An gyara injuna da dama da suka daɗe a mace, wannan kam a yaba. Kamfanoni irin waɗannan sukan gina ajujuwa, su haƙa burtsatse, su raba kayan tallafi, su ɗauki hoto. Madalla, wanda ya sha ruwan burtsatse ya amfana. Sai dai wannan kyauta ce. Mai kyauta shi ke zaɓar abin da zai bayar da ranar da zai bayar, in ya fasa ba ka da bakin magana. Haƙƙi daban ne, shi ne wanda aka rubuta a doka ko a yarjejeniya, da adadi da lokaci, wanda za ka iya tsayawa a kansa a gaban alƙali. Matsalarmu mu matasa muna yawan rikita biyun, a ba mu haƙƙinmu mu yi ta godiya kamar sadaka, ko kuma mu tada jijiyar wuya kan abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Daga cikin abin da aka rubuta akwai hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An sa hannu kan dokarta a 2010, amma sai da aka shafe shekara goma kafin a naɗa mata shugabanni ta fara aiki. Shekara goma fa! Da farko dokar ta ce kamfanonin su riƙa ba ta kashi 30 cikin 100 na kuɗin da suke samu, sai daga baya aka yi gyara aka mayar da shi kashi 10. Ta fara aiki da jihohin Neja da Kwara da Kogi da Kabi da Filato da Binuwai, daga baya aka ƙara Kaduna da Nasarawa da Taraba da Gombe. Ta raba rigunan kariya na shiga ruwa, ta yi burtsatse, ta koyar da matasa sana'a, ta shiga aikin cire kututture a tafki. Ni abin da ke damuna, jihohi suna ƙaruwa, kason yana nan yadda yake, kuma jiha ba ita ce bakin ruwa ba. Ana iya kashe kuɗin a babban birnin jiha a ce an yi wa yankin aiki. Mun ga yadda takwararta ta yankin mai, NDDC, ta kasance tun 2000, ga kuɗi kamar ƙasa ga ƙorafi kamar ƙasa.

Akwai kuma gyaran dokar wutar lantarki da aka sa wa hannu a farkon 2024, wanda ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata don raya garuruwan da suke zaune a cikinsu. Ku ɗan tsaya a nan. Tunda kashi ne na wani adadi, to akwai lambar da za a iya tambaya. Nawa aka kashe bara? Kashi biyar ɗinsa nawa ne? Wa aka damƙa wa? Wa ya zaɓe shi? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati takarda ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan gari ma za ta iya, kuɗin takarda da buga ta ne kawai.

Game da sababbin madatsu, tun 1992 akwai dokar da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi. A aikace, littafi ne jibgege da Turancin injiniyoyi, a ajiye a sakatariya, wa'adi ya cika ba wanda ya buɗe. Nan ne mu da muka yi boko muke da aiki, mu karanta mu fassara wa iyayenmu a ƙofar fada. Domin a cikin irin takardun nan ne ake rubuta garuruwan da ruwa zai ci, da inda za a mayar da su, da yadda za a biya diyya. Diyyar ma akwai tarko a cikinta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka abin da ke kanta ake biya, gini da amfanin gona da itatuwa. A ƙirga maka mangwaro da shinkafar bana a ba ka kuɗi sau ɗaya, alhali gonar tana ciyar da gidanku tun kaka da kakanni. Masunci da ba shi da gona fa? Bafulatanin da fadamar ce makiyayarsa da rani? Matar da ke banda kifi tana sayarwa? Sau da yawa sunansu ba ya cikin kowace takarda. An sha jin koken diyya daga garuruwan da aikin Zungeru ya shafa, a wajen Shiroro kuma wasu da ruwa ya tasa a da yanzu 'yan bindiga sun sake tasar su.

Kar 'yan'uwanmu na Nijar su ce ba da su ake ba. Shekara da shekaru yawancin wutar Yamai daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kabi, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Wannan ya ƙara wa Nijar ƙaimi kan madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, mai megawat 130, wadda aka aza harsashinta tun 2008 tana ta tafiyar hawainiya. Ita ma dubban mutane za ta tasa, har da na garin Ayoru, kuma ruwan da za ta riƙe shi ne dai baƙin ruwan da Kainji ke jira da rani. A Taraba kuma ga Mambila, wadda a da aka tsara mata megawat 3,050, da aka fara maganarta tun ba a haife mu ba, har yau tana tsakanin takardu da shari'a. Waɗannan su ne wuraren da har yanzu alƙalami bai bushe ba, ana iya shigar da layin wutar gari da jirgin fito mai inganci da asibiti a cikin yarjejeniya kafin a zuba siminti.

Ina da roƙo ga masu bibiyarmu daga Yawuri da Ngaski da Borgu da Agwara da Shiroro da Mokwa da Patigi, da duk wani gari na bakin ruwa. Ku turo mana amsar tambaya uku, da rubutu ko da murya. Akwai wutar gwamnati a garinku, kuma awa nawa take yi a rana? Karo na ƙarshe da aka saki ruwa, ta wace hanya kuka ji labari, kuma kwana nawa kafin ya iso? Wane aiki aka yi muku da sunan madatsa, kuma yana aiki har yanzu? Ku faɗi sunan garin da ƙaramar hukuma kawai, ba ma buƙatar sunan kowa. Abin da kuka turo za mu tattara mu karanta a shiri na gaba, da shi kuma za mu rubuta takardar neman bayani ta farko. Sai mun ji daga gare ku.